Digirin Farko na Manyan Jami'o'i da Digirin MBA: Wanne Ya Fi Daraja, Kuma a Idon Wa?

A ranar 4 ga Yuli 2025 Shugaban Amurka Donald Trump ya rattaba hannu a kan wata doguwar dokar haraji da kasafi, wadda wani sashe nata ya shafi bashin karatu. Dokar ta tanadi cewa daga 1 ga Yuli 2026 za a daina ba sababbin ɗalibai rancen gwamnati mai suna Grad PLUS, wanda a da yake ba mai karatun digiri na biyu damar cin bashin duk abin da karatunsa zai lashe. A maimakonsa an sa iyaka: dala 20,500 a shekara ga yawancin masu karatun gaba da digirin farko, da dala 50,000 ga waɗanda ke karanta abin da doka ta kira karatun ƙwararru. Da Ma'aikatar Ilimi ta gabatar da jerin fannonin da suka cancanci wannan suna a ƙarshen 2025, an ga likitanci da aikin lauya da haɗa magunguna da wasu 'yan ƙalilan, amma ba a ga MBA ba, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci. Kafin wannan, a watan Janairun 2025, jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa kashi 23 cikin ɗari na masu neman aiki daga cikin waɗanda suka kammala MBA a Harvard a 2024 ba su samu ba har bayan wata uku da yaye su, alhali a 2022 kashi 10 ne kawai.

Waɗannan labarai biyu sun sake tayar da wata tsohuwar gardama a tsakanin iyaye da ɗalibai da masu ɗaukar ma'aikata a Amurka. Wa ya fi daraja, wanda ya yi digirin farko a Princeton ko Yale ya tsaya a nan, ko wanda ya fito daga jami'ar da ba ta yi suna ba sannan ya je ya yi MBA a Harvard ko Stanford? Amsar tana da wuya domin kalmar daraja a wannan magana ta haɗa abubuwan da ba koyaushe suke tafiya tare ba, wato wuyar samun gurbi, da kuɗin da takardar ke jawowa, da irin kallon da jama'a ke yi wa mai ita.

Abin da ake kwatantawa

In an ce manyan jami'o'i a Amurka, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne rukunin Ivy League mai jami'o'i takwas: Harvard, Yale, Princeton, Columbia, Pennsylvania, Brown, Dartmouth da Cornell. Asalin sunan na gasar wasanni ne da aka kafa a hukumance a 1954, daga baya ya zama laƙabin manyanci. Masu bincike kan ƙara Stanford da MIT da Chicago da Duke su zama goma sha biyu. Ɗalibi yana shiga yana da shekara 18 ko kusa da haka, ya yi shekara huɗu yana karanta tarihi ko falsafa ko lissafi ko tattalin arziki, kuma ba dole ne abin da ya karanta ya zama sana'arsa ba. Harvard ba ta ba da digirin farko a fannin kasuwanci, Princeton kuwa ba ta da makarantar kasuwanci ko kaɗan.

MBA digiri ne na biyu a harkar gudanar da kasuwanci. A Amurka shekara biyu ake yi, kuma akasarin masu shiga manyan makarantun sun yi aiki na wajen shekara biyar, shekarunsu na haihuwa 27 ko 28, sun kuma rubuta jarrabawar GMAT ko GRE. Makarantu bakwai ne ake sa wa a sahun gaba, ana kiran su M7: Harvard, Stanford, Wharton ta Jami'ar Pennsylvania, Booth ta Chicago, Kellogg ta Northwestern, Sloan ta MIT da Columbia.

Ruɗani yakan shigo ne daga sunan jami'a, domin suna ɗaya kan rufe takardu daban-daban. Wharton tana ba da digirin farko tana kuma ba da MBA. Trump ya kammala Wharton a 1968 bayan ya fara karatu a Jami'ar Fordham, kuma digirin farko ne ya yi a tattalin arziki, ko da yake mutane da yawa suna ɗauka MBA ne. George W. Bush shi ne ya haɗa biyun, digirin farko a Yale a 1968 da MBA a Harvard a 1975, kuma shi ne shugaban Amurka na farko da ya riƙe MBA.

Inda kowanne ya samo sunansa

An kafa Harvard a 1636, shekara 140 kafin Amurka ta ayyana 'yancin kanta, Yale a 1701, Princeton a 1746. Aikinsu na farko shi ne horar da malaman coci da 'ya'yan masu faɗa-a-ji, kuma suna nan a kan tarbiyyar manyan gobe tun kafin a san wani abu wai shi kamfanin zamani. Makarantun kasuwanci baƙi ne a gidan. Wharton ta buɗe a 1881, Tuck ta Dartmouth a 1900, ta Harvard a 1908, kuma sun daɗe malaman sauran sassan jami'a na yi musu kallon wuraren koyon riƙe littafin kanti. A 1959 Gidauniyar Ford da ta Carnegie suka fitar da rahotanni biyu da suka ce karatun kasuwanci a Amurka ba shi da zurfi kuma ma'auninsa ya yi ƙasa. Bayan haka ne makarantun suka cika azuzuwansu da masana tattalin arziki da ƙididdiga domin su sami mutunci a cikin jami'a.

Tashen MBA na gaske ya zo ne a shekarun 1980, lokacin da bankunan zuba jari na Wall Street da kamfanonin ba da shawara irin su McKinsey da Bain da BCG suka riƙa kwasar ɗalibai da albashi mai tsoka, kuma a 1988 mujallar BusinessWeek ta fara jera makarantun daga ta ɗaya zuwa ƙasa. Wannan tarihi yana bayyana wani bambanci da har yanzu ake gani. Darajar digirin farko na Yale ba ta motsawa don an yi shekara guda kasuwa ba ta ci ba, ita kuwa darajar MBA kasuwa ce ta haife ta, saboda haka duk lokacin da kamfanoni suka rage ɗaukar ma'aikata sai a fara tambayar ko takardar ta ci kuɗinta.

Wuyar shiga, da abin da take aunawa

Hujjar farko ta masu fifita digirin farko ita ce lissafin gurbi. A 2022 mutum sama da 61,000 suka nemi shiga digirin farko a Harvard, aka ɗauki ƙasa da 2,000, wato kimanin kashi 3.2 cikin ɗari. Makarantar kasuwancin jami'ar takan sami masu nema tsakanin 8,000 da 10,000 a shekara, ta ba kashi goma da 'yan kai gurbi. Stanford ce ta fi tsauri a cikin makarantun kasuwanci, inda waɗanda ake ɗauka ba su kai kashi goma ba. A kan wannan ma'auni digirin farko ya yi gaba da nisa.

Sai dai lissafin ba ya kwatantuwa kai tsaye. Ɗan sakandare a Amurka yana iya cike fom ɗaya ta intanet ya aika wa jami'o'i har ashirin, kuma da yawa suna jefa sunan Harvard ne don gwada sa'a. Mai neman MBA ya riga ya gama digiri, ya yi shekaru yana aiki, ya biya kuɗin jarrabawa, ya je ya roƙi shugabansa a ofis ya rubuta masa takardar shaida, abin da ke nufin ya bayyana niyyarsa ta barin aikin. Waɗanda suka kai ga aika takarda sun riga sun tace kansu.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ake aunawa a kowace ƙofa. Shari'ar da aka yi da Harvard kan yadda take ɗaukar ɗalibai, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a ranar 29 ga Yuni 2023 ta haramta la'akari da launin fata, ta tilasta wa jami'ar fito da bayanan da a da take ɓoyewa. A cikinsu aka ga cewa a shekarun da aka bincika kusan ɗaya cikin uku na 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da suka nema sun sami gurbi, a lokacin da kason sauran jama'a bai wuce kashi shida ba. Mai uwa a gindin murhu ke nan. A 2019 kuma aka bankaɗo wani mai ba da shawara kan neman gurbi, Rick Singer, wanda ya karɓi kimanin dala miliyan 25 daga iyaye masu kuɗi yana sayen masu horar da 'yan wasa da masu lura da jarrabawa domin 'ya'yansu su shiga jami'o'i irin su Yale da Stanford. Irin kuɗin da iyayen suka zuba ya nuna yadda suke ɗaukar wannan hatimi, ya kuma nuna cewa wanda aka tantance yana da shekara 17 an tantance gidansu da makarantar da aka sa shi tare da shi.

Masu goyon bayan MBA suna cewa a shekara 27 aikin hannun mutum ake dubawa. Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce. Kaso mai yawa na ɗaliban manyan makarantun kasuwanci daga bankuna da kamfanonin ba da shawara suke zuwa, waɗannan kamfanoni kuma tun farko daga manyan jami'o'i suke ɗiba. Lauren Rivera, masaniyar zamantakewa a Kellogg, ta yi hira da masu ɗaukar ma'aikata 120 a irin waɗannan wurare, ta gano cewa suna da gajeren jerin jami'o'in da suke zuwa neman ma'aikata, kuma takardar wanda ba ya cikin jerin sau da yawa ba a ko buɗe ta. Ƙofar farko tana shayar da ta biyu.

Abin da bincike ya nuna game da kuɗi

Masana tattalin arziki Stacy Dale da Alan Krueger sun wallafa wani bincike a 2002 da ya girgiza wannan fage. Sun kwatanta ɗaliban da aka ba gurbi a jami'o'i masu daraja iri ɗaya amma wasu suka zaɓi zuwa wadda ba ta kai ba, sai suka tarar albashinsu daga baya bai bambanta sosai ba. Ma'ana, yaron da Yale ta ga ya isa ta ɗauka zai yi nasara ko da bai je ba. Waɗanda suka fi cin moriyar babbar jami'a su ne 'ya'yan talakawa, kuma a binciken da suka sake yi daga baya sun ƙara da baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da waɗanda iyayensu ba su yi zurfin karatu ba, wato waɗanda ba su da sanayya a gida.

A 2023 Raj Chetty da David Deming da John Friedman suka duba maganar ta wata fuska. Sun amince cewa a matsakaicin albashi bambancin kaɗan ne, amma suka nuna cewa a can ƙololuwa labarin ya sauya: zuwa ɗaya daga cikin jami'o'in nan goma sha biyu maimakon babbar jami'ar jiha yana kusan ninka damar shiga manyan makarantun digiri na gaba, yana kuma kusan ninka damar aiki a fitattun kamfanoni sau uku. Sun kuma gano cewa ɗan gidan da ke cikin kashi ɗaya mafi arziki ya fi ɗan matsakaicin gida damar zuwa waɗannan jami'o'i fiye da ninki biyu, ko da makinsu na jarrabawa ɗaya ne. Binciken biyu ba su ƙaryata juna ba. Babbar jami'a ba ta sauya rayuwar yawancin ɗalibanta ta fuskar albashi, amma ita ce ke riƙe da makullin 'yan kujerun da ke sama, kuma ba na kasuwanci kaɗai ba. Uku daga cikin alƙalai tara na Kotun Ƙolin Amurka, Samuel Alito da Sonia Sotomayor da Elena Kagan, a Princeton suka yi digirin farko.

Michael Spence, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001 kuma ya taɓa shugabantar makarantar kasuwanci ta Stanford, ya ba wannan al'amari bayani tun 1973. A ganinsa takardar karatu alama ce da mai neman aiki ke nuna wa wanda bai san shi ba, kuma ƙimarta tana cikin wuyar samunta, ko da abin da aka koya bai shafi aikin ba. In aka bi wannan ra'ayi, digirin farko da MBA alamu ne guda biyu da ake bugawa a shekaru daban-daban, kuma ta biyun ta fi amfani ga wanda bai sami ta farko ba.

Hujjar masu fifita MBA

Misalan wannan suna da yawa. Satya Nadella na Microsoft ya yi digirin farko a Manipal a Indiya kafin ya yi MBA a Booth. Tim Cook na Apple ya fito daga Jami'ar Auburn a jihar Alabama ya yi MBA a Duke. Mary Barra ta General Motors ta yi karatun injiniya a wata cibiya da kamfanin da kansa ya riƙe, sannan ta je Stanford. Babu ɗayansu da ya bi ta Ivy League yana matashi.

Abin da ake saya a wannan karatu ya fi fitowa fili in an leƙa aji. A Harvard ana raba ɗaliban shekarar farko rukuni-rukuni na wajen mutum 90, su zauna a ɗaki mai siffar kofaton doki, kowa da katin sunansa a gabansa. Kafin su zo an ba su labarin wani kamfani da ya shiga tsaka mai wuya, shafi goma zuwa ashirin da alƙaluma a bayansa. Malami yana shigowa ya kira sunan mutum ɗaya ba tare da gargaɗi ba ya ce ya faɗi abin da zai yi in shi ne shugaban kamfanin, sauran kuma su bi shi da suka. Maganar da ɗalibi ya yi a aji tana iya kai rabin makinsa, kuma kafin ya gama ya bi ta kan irin waɗannan labarai kusan 500. Wanda ya yi shekara guda yana kare ra'ayinsa a gaban tsohon soja da likita da ma'aikacin banki ya fita da abokai 89 da suka san ƙarfinsa, kuma kamfanoni suna zuwa har harabar makaranta tun zangon farko. A 2023 matsakaicin albashin farawa na waɗanda suka gama MBA a Harvard dala 175,000 ne a shekara.

Raunin hujjar shi ne cewa wannan bayani na 'yan makarantu ƙalilan ne. Jami'o'in Amurka suna ba da digiri na biyu a fannin kasuwanci kimanin 200,000 kowace shekara, fiye da kowane fanni, alhali makarantun M7 gaba ɗaya wajen mutum 5,000 suke yayewa a tsarinsu na cikakken lokaci. Haruffan MBA su kaɗai ba su ɗauke da daraja, sunan da ke biye da su ne ke ɗauke da ita, shi ya sa makarantu ke kokawar matsayi a jerin mujallu har wani lokaci a kauce hanya. A 2021 kotu ta sami Moshe Porat, tsohon shugaban makarantar kasuwanci ta Jami'ar Temple, da laifin aika alƙaluman ƙarya domin shirinsu na MBA ta intanet ya riƙe matsayi na ɗaya. A duniyar fasahar zamani kuma kallon ya bambanta. Jeff Bezos da digirin farko na Princeton ya kafa Amazon, Elon Musk kuma ya faɗa a 2020 cewa masu MBA sun yi yawa a shugabancin kamfanonin Amurka, ko da yake shi kansa yana riƙe da digirin farko na Wharton.

A Turai ma'aunin ya fi karkata ga karatun farko. A Faransa abin da ake tambaya shi ne ko mutum ya ci jarrabawar shiga manyan makarantu irin su Polytechnique ko HEC yana ɗan shekara ashirin, kuma makarantar kasuwanci ta INSEAD, wadda aka kafa a 1957 take ba da MBA cikin wata goma, ta fi yin tashe a idon kamfanonin ƙasa da ƙasa. A Ingila sai a 1996 Oxford ta kafa makarantar kasuwancinta ta Saïd.

Wanda zai biya, da wanda abin zai shafa

A nan ne abubuwa suka juye yadda mutane ba su zata ba. Digirin farko na manyan jami'o'i, duk da tsadarsa a takarda, yana iya zama kyauta ga marar hali. A watan Maris 2025 Harvard ta sanar cewa ɗalibin da kuɗin shigar gidansu bai wuce dala 100,000 a shekara ba ba zai biya komai ba, har da abinci da wurin kwana, kuma jami'ar tana ba ɗaliban ƙasashen waje tallafi a kan ƙa'ida ɗaya da 'yan ƙasa. MBA a irin waɗannan makarantu kuwa yana cin sama da dala 200,000 a shekara biyu in an haɗa da kuɗin zama, ban da albashin shekara biyu da mutum ya bari.

Sabuwar iyakar bashi ba za ta girgiza Harvard ko Stanford sosai ba, domin suna da asusun tallafi mai kauri kuma bankuna masu zaman kansu ba sa jin tsoron ranta wa ɗalibansu. Nauyin zai fi faɗawa a kan makarantun tsakiya da ɗaliban da ba su da wanda zai tsaya musu a banki, wato mutanen da MBA ya kamata ya zame wa ƙofa ta biyu. Ɗaliban ƙasashen waje dokar ba ta taɓa su kai tsaye ba, tun da can ma ba su da hakkin rancen gwamnatin Amurka. Abin da ya fi damunsu shi ne izinin aiki, wanda a ƙa'ida wata 12 ne bayan kammalawa, shi ya sa makarantu da dama suka sa aka lissafa shirinsu na MBA cikin fannonin kimiyya da fasaha domin a ƙara wa ɗalibi wata 24.

Ga mai karatu a Najeriya ko Nijar, ƙofar digirin farko a waɗannan jami'o'i ƙunci gare ta ƙwarai, domin tana buƙatar shiri tun daga sakandare, kodayake akwai waɗanda suka bi ta, kamar Ngozi Okonjo-Iweala da ta kammala Harvard a 1976. Wanda ya riga ya yi digiri a Zariya ko Kano ko Yamai ya yi aiki, MBA ce hanyar da ta rage masa ta ɗaukar irin wannan suna. A gida kuma ma'aunin wani ne dabam, domin jami'o'in Najeriya da yawa suna ɗaukar MBA a matsayin digirin sana'a, kuma mai son ya wuce zuwa digirin digirgir ko ya koyar sau da yawa M.Sc. ake nema a hannunsa.

Akwai kuma takarda ta uku da ke shiga tsakani ta rikita lissafin, wadda ake yawan gani a tarihin 'yan siyasa da shugabannin kamfanoni in an rubuta cewa wane ya halarci Harvard. Manyan makarantun kasuwanci suna gudanar da gajerun kwasa-kwasai na manyan ma'aikata, daga na kwana huɗu zuwa na makonni, ba a rubuta GMAT kafin a shiga, kuma satifiket ake bayarwa a ƙarshe. Wasu daga cikin masu tsawon, kamar shirin AMP na Harvard, suna ba mutum matsayin tsohon ɗalibin makarantar, amma ko su ba digiri ba ne. Hanyar bambancewa ita ce a duba ko an ambaci sunan digirin da shekarar da aka kammala shi, ko kuwa sunan jami'ar kawai aka rubuta.